Ka Karanta Takardar?

A kan teburin Anti Saiti akwai wani ɗan kwali da ta ninke biyu ta tsayar kusa da kofin shayinta, an rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe: KA KARANTA TAKARDAR? Ba don ado ta ajiye shi ba. Shekararta tara a kamfanin nan mai rubuta manhajar da shagunan magani ke lura da kayansu da ita, kuma duk wanda aka ɗauka aiki, ita ce ke saita masa kwamfuta har manhajar ta tashi a kanta ya samu abin taɓawa. Daga nan sunan ya bi ta. Tambayoyin kuwa ba sa canzawa. Anti, ina zan sauke kaza? Anti, ya ce bai ga fayil ba. Anti, jan rubutu ya cika min allo. Mutum da digirinsa da gemunsa, sai ya zo ya tsaya mata a ka kamar wanda aka aika ya manta saƙon a hanya.

Da abin ya kai mata wuya, shekara huɗu da suka wuce, ta ɗauki mako guda cur ta rubuta komai: matakai goma sha biyar, tun daga kunna sabuwar kwamfuta har inda manhajar za ta buɗe da koren allonta. A can sama ta ja layi biyu a ƙarƙashin gargaɗi ɗaya, cewa kada kowa ya kwafi komai daga kwamfutar wani, don ta gaji da gyaran ɓarnar da ake yaɗawa daga tebur zuwa tebur. Sannan ta kafa kwalin. Tun daga ranar, in ka doso ta da tambaya ba ta ko ɗaga kai, biro kawai take miƙawa ta ƙwanƙwasa kwalin sau biyu. Kuma a ganinta abin ya yi kyau. Mutum goma sha ɗaya aka ɗauka bayan nan, kowanne kafin a tashi aiki ranar farko manhajarsa ta buɗe.

Sai wata Litinin Oga, mai kamfanin, ya shigo da na goma sha biyu. Dattijo ne mai furfura a gefen kai, rigarsa ta sha guga har tana ƙyalli, yana rungume da littafi mai baƙin bango. Shekara ashirin da biyu ya yi yana koyar da lissafi, makarantar ta rufe, ya zauna shekara biyu yana koyon rubuta manhaja a kan tsohuwar kwamfutar 'yarsa. Nan take ofis ya sa masa Malam, shi ma bai musa ba.

"Mako ɗaya ne gwajin," in ji Oga, a gaban kowa, don shi ba ya iya magana a hankali. "Zuwa Juma'a sha biyun rana, manhajar ta tashi a kwamfutarka, ka gyara mana ɗan kuskuren da ke shafin ranar lalacewar magani. In ka yi, kujerar taka ce. In ba ka yi ba, akwai mutum uku a layi."

Malam ya ce ya gode. Ya buga takardar Anti Saiti a firinta, ya shimfiɗa ta a gefen madannai, ya ciro jan biro daga aljihu. Duk matakin da ya gama sai ya yi masa alama. Da yatsa biyu yake bugawa, kuma kafin ya danna maɓallin aikawa sai ya yi bisimilla a fili, abin da ya sa Dogo, mai zama kusa da shi, ya riƙa cusa kai a bayan allo yana danne dariya.

Matakai goma suka wuce lami lafiya. A na goma sha ɗaya, inda ake umurtar injin haɗawa, wanda shi ma wata manhaja ce da ake saukewa, ya haɗa tasu, sai baƙin allon ya cika da jan rubutu, layi bisa layi, har ya gangara ƙasa.

Ya zo teburinta. Sai da ya tambayi gida da yara da gajiya kafin ya kai ga maganar, ita kuwa tun a kan "yaya mutanen gida" ta ƙwanƙwasa kwalin.

"Na karanta, ranki ya daɗe."

"To a sake karantawa, Malam."

Ya koma ya goge komai, ya faro daga ɗaya. Talata sau uku ya yi haka. A karo na uku ta taso da kanta, don shirun da yake yi a gaban jan rubutun ya fi tambayar damun ta. Ta duba ko intanet ɗinsa na aiki, yana aiki. Ta sa ya kashe kwamfutar ya kunna. Ta sa ya sake sauke fayilolin manhajar. Jan rubutun ya dawo, bai rage ko wasali ba. Ta koma teburinta, ta buga umarnin nan a tata kwamfutar, wadda rabonta da a taɓa saitinta shekara huɗu, koren allo ya buɗe kafin ta sauke hannu.

"Ka gani? A tawa yana aiki. Akwai abin da kake tsallakewa."

"Ban tsallake komai ba, ranki ya daɗe."

"Kowa haka yake cewa."

Laraba ta zo da nata. Tun safe wani babban shago ya kira cewa manhajarsu ta tsaya, waya ɗaya a kunnenta, ɗaya na kuka a tebur, shayinta ya huce har ya yi yana. A cikin wannan hali ne ta ga inuwar riga mai guga a gefen allonta.

"Ranki ya daɗe, tambaya ɗaya ce tak. A kan mataki na huɗu."

Ta rufe bakin wayar da tafin hannu. "Na huɗu? Jiya kana sha ɗaya, yau ka dawo huɗu? Malam, gaba ake yi ko baya? Gobe kuma sai ka zo ka tambaye ni ina ake kunna ta."

Wani ya tuntsire da dariya a can ƙarshen ɗaki. Ta ƙwanƙwasa kwalin, wannan karon sau uku, har ya faɗi. Malam ya ɗaga shi ya tsayar mata daidai yadda yake, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya koma wurinsa. Daga nan bai sake zuwa ba. Ta riƙa hango shi da tarin takardu da ya bugo, yana bin su da jan biro, ta ce a ranta wannan kam ya sallama, jiran Juma'a kawai yake yi.

Don haka da Oga ya kira ta ofishinsa ranar Alhamis ya tambaye ta gaskiyar magana, ba ta yi kwana-kwana ba.

"Oga, mutumin kirki ne, wallahi. Amma mutum goma sha ɗaya sun bi takardar nan a yini ɗaya, shi yau kwana huɗu. In saiti ya gagare shi, aikin fa? Ni ba zan iya raino ba."

Oga ya shafa kansa, ya ce ya so a ce ya yi, amma shi ke nan, gobe zai ba shi wasiƙar sallamarsa. Ta fito tana jin ɗan nauyi a ƙirji, ta kore shi da cewa ai ba ita ta ɗauko shi ba.

Da yamma ta isa gida a gajiye, ta tarar da maigidanta a durƙushe gaban injin wanki a ɗan lungun da ke bayan kicin. Ma'aikacin jinya ne, fararen rigunansa uku na ciki, kuma gobe da safe yana da aiki. Ita ce ke wanki a gidan tun da aka sayi injin, yau dai ya ce bari ya rage mata.

"Injiniya, zo ki ga abinki. Rabin awa ina nan. Ya ƙi ko tari."

"Ga takarda nan a bango, Baban yara. Ni na rubuta na manna. Ba ka karanta ba?"

"Na karanta har na haddace. Zuba kaya, rufe ƙofa, zuba sabulu, murɗa zuwa uku, danna. Na danna har yatsana ya yi zafi."

Ta ja tsaki, ta ajiye jaka, ta ce ya matsa. Ta rufe ƙofar, ta murɗa, ta danna. Injin ya fara zuba ruwa nan take.

"Ka gani?"

"Na gani. Me kika yi da gwiwarki?"

"Wace gwiwa?"

"Kin danna ƙofar da gwiwa. A idona."

Ta buɗe baki za ta musa, sai ta dubi ƙasa. Gwiwarta na nan a jikin ƙofar. Makullin ya saki tun bara waccan, in ba a tokare shi ba injin ba ya yarda an rufe, kuma ta daɗe tana yin haka har ba ta san tana yi ba.

"Lokacin da na rubuta ai sabo ne," ta ce, muryarta ta sauka.

"To ki rubuta gwiwar," in ji shi, yana miƙewa yana dafe da ƙugu. "Ki ce wacce, hagu ko dama."

Ya yi ta dariya har cikin falo. Ita ba ta yi ba. Ta tsaya tana kallon fararen riguna suna juyawa a cikin kumfa, takardarta ta ofis ta faɗo mata a rai.

Juma'a kafin ƙarfe tara tana wurin mai kula da sito, ta sa hannu ta karɓi sabuwar kwamfuta a kwalinta. Ta kai ta ɗakin taro, ta rufe ƙofa, ta buɗe takardarta, ta ɗaure wa kanta cewa abin da aka rubuta kawai za ta yi, ba abin da ta sani ba. Ɗaya, biyu, uku. Huɗu ya ce a shiga shafin masu injin haɗawa a sauke sabuwar fitowa. Ta sauke. Biyar har goma suka wuce sumul, har ta fara jin daɗi, tana cewa ai dama. Ta buga umarnin sha ɗaya.

Jan rubutu, layi bisa layi, har ƙasa.

Ta ce ba zai yiwu ba. Ta goge ta sake, don ita ma ba ta fi ƙarfin zargin ta tsallake wani abu ba. Awa guda ta ƙara tafiya, jan rubutun ya dawo yana kallon ta. Sai a sannan ta yi abin da ya kamata ta yi tun Talata: ta tambayi sabuwar kwamfutar wace fitowar injin ce a kanta. Ta ashirin da biyu. Ta fita da sauri ta tambayi tata tsohuwar. Ta goma sha huɗu. Ranar da ta rubuta "sabuwar fitowa", ta goma sha huɗu ce sabuwa. Masu injin sun yi gaba sau takwas, manhajar kamfanin ba ta bi su ba, takardar kuwa tana nan tana tura mutane inda babu hanya.

To mutum goma sha ɗayan nan fa?

Kujerar Malam babu kowa. Ta tsaya a kan Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa bayan ita.

"Dogo, wace fitowa ce a kwamfutarka?"

Ya dubi fuskarta, ya dubi ƙofa. "Sha huɗu, Anti."

"A ina ka samo ta?"

Madannai duk suka tsaya. Dogo ya jawo aljihun teburinsa a hankali, ya fito da wani ɗan filashi shuɗi na ajiyar fayiloli da aka ɗaura wa zare.

"Wannan ne. Maganin takarda muke ce masa. Duk sabon da ya zo, in ya maƙale a sha ɗaya, sai mu bari ki fita cin abinci mu ɗora masa."

"Tun yaushe?"

"Zai kai shekara uku."

"Shekara uku! Shekara uku kuna yawo da filashi a bayan idona, ba wanda ya iya buɗe baki ya gaya min? Ku goma sha ɗaya? Bakinku ciwo yake yi?"

"Anti, na zo." Dogo ya ajiye filashin a kan tebur. "Sau biyu na zo. Kwalin kika buga min."

 Ranta ya ɓaci, amma ta duba ko'ina ta rasa wanda za ta sauke wa in ba kanta ba.

"Shi Malam me ya sa ba ku ba shi ba?"

"Tun Litinin na miƙa masa. Ya nuna min layin da kika ja a sama, ya ce an hana kwafa daga kwamfutar wani, shi ba zai fara aiki da karya doka ba. Na ce masa kowa haka ya yi. Ya ce shi ba kowa ba ne."

Ashe a shekara ukun nan mutum ɗaya ne a duk ofishin ya bi takardarta sau da ƙafa, kuma shi ne ta ce a sallama.

"Yana ina?"

"Oga ya kira shi. Wai Ogan yana da taro, gara a gama da wuri."

Agogon bango ya ce sha ɗaya da minti goma. Ba ta ƙwanƙwasa ƙofar Oga ba, tura ta kawai ta yi. Malam na zaune a bakin kujera, littafinsa a kan cinya, farar ambulan a hannunsa bai buɗe ba tukuna.

"Oga, karɓi wasiƙar nan. Laifina ne. Takardar ce ba daidai ba."

"Wace takarda? Wadda kika ce mutum goma sha ɗaya..."

"Ita. Ba wanda ya bi ta. Filashi suke ɗorawa." Ta faɗi komai a tsaye, da mataki na huɗu, da sha huɗu da ashirin da biyu, da zaren da ke jikin filashin, ƙofa a buɗe kowa na ji. Kunya ta rufe ta har kunnuwanta suka yi zafi, amma ba ta rage komai ba.

Oga ya dafe kai da hannu biyu. "Kai, wannan ofis zai kashe ni. Jiya kin ce ba zai iya ba, na riga na kira na gaba a layi na ce ya shirya. Yau kuma kin ce kaza. Ni da wanne zan ji?" Ya dubi agogo. "Na ce sha biyu, sha biyu ce. Manhaja ta tashi, kuskure ya gyaru. Ban ƙara ko minti ɗaya ba."

"Oga, minti arba'in da biyar? Gyaran da aka ba shi mako..."

"Zai isa, ranki ya daɗe," in ji Malam, ya ajiye ambulan a kan teburin. "In dai an yarda in sauke ta sha huɗun."

Ta bi shi zuwa teburinsa, ta jawo kujera ta zauna a gefensa, abin da rabonta da yi wa wani tun kafin kwalin. Ya cire ta ashirin da biyu, ya nemo tsohuwar a shafin masu injin da kansa, ko kallon filashin Dogo bai yi ba. Da yatsa biyu. Ta ji kamar ta fizge madannan, ta matse hannayenta a cinya. Sha biyu saura ashirin ya buga umarnin sha ɗaya, ya yi bisimillarsa, wannan karon ba wanda ya yi dariya. Koren allo ya buɗe.

Bai tsaya murna ba. Ya jawo tarin takardun nan da ta ga yana bi da jan biro, ashe rubutun manhajar ne ya bugo. Tun da ta ƙi tashi, sai ya zauna yana karanta ta da ido kamar yadda yake duba jarrabawa. A shafi na tara ya zagaye wani layi, inda aka lissafa kowane wata da kwana talatin. Ya buɗe fayil ɗin, ya gyara layi uku, ya gwada da wata mai talatin da ɗaya, ya gwada da mai ashirin da takwas. Sha biyu saura minti huɗu Oga ya zo ya leƙa, ya danna nan ya danna can, ya yi gyaran murya.

"Litinin ƙarfe takwas," ya ce. "Bari in je in ba wancan haƙuri. Ke kuma ki gyara min takardar nan yau." Ya tafi yana mita.

Mutane suka watse cin abinci. Littafin Malam na buɗe a kan tebur, idonta ya faɗa kan shafin Laraba ba da niyya ba. Da kyakkyawan rubutu irin na masu allo an rubuta: Mataki na huɗu ya ce sabuwar fitowa. Sabuwa a wace shekara? A tambayi Anti. A ƙasa kuma, da ƙaramin rubutu: Na je.

Ta daɗe tana kallon kalmomin biyun nan.

"Tun Laraba ka gano," ta ce. "Me ya sa ba ka sauke tsohuwar ba kawai?"

"Ban san wacce ba, ranki ya daɗe. Fitowar har ashirin da biyu ce. Kuma takarda ta ce sabuwa."

"Malam, ka yafe min. Na kusa raba ka da aikinka a kan abin da ba ka yi ba."

Ya rufe littafin a hankali. "Shekara ashirin da biyu ina ce wa ɗalibai, ai na faɗa a aji. Sai makon nan na riƙa tuna fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ba ke kaɗai ba ce." Ya zaro takardarta daga ƙarƙashin madannai. "Amma tun da an zo gyara, akwai wasu 'yan wurare."

Ta karɓa. Jan biro ya cinye ta daga sama har ƙasa, babu matakin da ya tsira sai na ɗaya, na kunna kwamfuta. Ta ƙirga wurare goma sha bakwai. Tsaki ya taho mata har bakin leɓe, ta mayar da shi.

Ta miƙe ta je teburinta, ta ɗauko kwalin, ta buɗe ninkin ta juya farin bayansa sama don ta samu wurin rubutu. Ta dawo ta zauna.

"To, Malam. Daga na biyu. Me na yi?"